Yadda Za Ka Nazarci Ci Gaba Mai Ɗorewa Daga Gonar Ƙauyenku

Ɗalibai da yawa daga ƙauyukan Kano da Jigawa, na jami'a da na kwalejin ilimi da na aikin gona, ana ba su batun ci gaba mai ɗorewa su rubuta kundin kammala karatu a kansa. Abin da galibi ke faruwa shi ne ɗalibi ya shiga intanet ya kwafo ma'anar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayar, ya jera muradun ci gaba 17 da ta tsara, ya rufe da kira ga gwamnati ta ƙara himma. Irin wannan aiki yana damuna, domin mai shi ya taso ne a ƙasar da aka fi shekara hamsin ana gwada waɗannan ra'ayoyi a kanta, amma ko sau ɗaya bai waiwayi gonar gidansu ba. Batun nan gardama ce da har yau ba a gama ba, tsakanin mutanen da suka yarda cewa a kula da gobe amma suka saɓa kan me za a kiyaye, don wa, kuma wa zai ɗauki asarar. Ga yadda nake ba ka shawara ka bi shi, ɗan'uwa.

Mataki na farko: ka tsayar da wuri ɗaya

Kafin ka buɗe littafi, ka zaɓi abu guda da ka sani da ƙafarka. Fadamar bayan garinku, ko burtalin da ya ratsa gonakinku, ko kurmin da mata ke yin itace, ko shingen bishiyoyin da aka dasa don tare iska. Ka sami littafin rubutu ka zana taswirarsa da hannu, ka rubuta su wa ke cin abinci daga gare shi: mai noman damina, mai noman rani, makiyayi, masunci, mai yankan kaba, mai haƙar yashi. Duk ra'ayin da za ka karanta nan gaba, a kan wannan wuri za ka gwada shi. Wanda ya ce zai yi nazarin Arewa gaba ɗaya, ba abin da zai iya tabbatarwa.

Mataki na biyu: ka san yadda maganar ta taso

Ka tanadi shafi biyu ka jera shekarun, amma a gefen kowace shekara ka rubuta wace damuwa ce ta haifar da ita.

A 1713 wani jami'in ma'adinai a Jamus, Hans Carl von Carlowitz, ya ga ana cinye dazuzzuka wajen narka ƙarfe, ya rubuta cewa kada a sari itace fiye da abin da daji zai iya mayarwa. A 1798 Thomas Malthus na Ingila ya ce yawan jama'a yana gudu fiye da abinci, don haka yunwa na nan tafe. Ka riƙe sunan Malthus, za ka yi ta gamuwa da jikokin ra'ayinsa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, ci gaba a idon masu mulki yana nufin masana'antu da manyan madatsun ruwa da tituna. Sai a 1962 Rachel Carson ta Amurka ta fallasa illar magungunan ƙwari irin su DDT ga tsuntsaye da ruwa da mutane. A 1972 abu biyu suka faru: wasu masana suka fitar da rahoton da ke cewa bunƙasar tattalin arziki tana da iyaka a duniyar da albarkatunta ke da iyaka, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta na farko kan muhalli a Stockholm, wanda ya haifar da hukumar muhalli mai hedikwata a Nairobi. A wannan taro Indira Gandhi ta Indiya ta tsaya kan cewa ba za a raba maganar muhalli da maganar talauci ba. Tun daga ranar ƙasashe masu arziki da matalauta suke jan igiya, kuma a daidai lokacin fari na 1972 zuwa 1974 yana kashe dabbobi a Sahel har da arewacin Kano.

A 1987 kwamitin da Gro Harlem Brundtland ta Norway ta shugabanta ya fitar da ma'anar da kowa ke kwafowa: ci gaban da zai biya wa mutanen yau buƙatunsu ba tare da tauye wa 'yan baya damar biyan tasu ba. Akwai ɗan Najeriya a kwamitin, Bukar Shaib. Ka lura ma'anar ta sami karɓuwa ne domin faɗinta ya isa kowa ya shiga, mai kamfanin mai da mai kare daji duk suna iya sa hannu. Daga nan sai taron Rio a Birazil a 1992, yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada a 1994, muradun ƙarni guda 8 a 2000, sai muradu 17 na 2015 masu ƙananan manufofi 169 da ake son cimmawa nan da 2030. Amina Mohammed, wadda ta riƙe ofishin muradun ƙarni a Najeriya zamanin Obasanjo, tana cikin waɗanda suka ja ragamar tsara na 2015.

A shafi na biyu ka jera namu: dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa a 1965, kammala madatsar Tiga a 1974, shirin ciyar da ƙasa na 1976, dokar mallakar ƙasa ta 1978, shirin juyin noma na Shagari a 1980, fari na 1983 da 1984, tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, sharar guba da aka jibge a Koko a 1988 wadda ta sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, ƙirƙiro Jigawa a 1991, madatsar Challawa a 1992. Idan ka ajiye shafukan biyu gefe da gefe za ka fara ganin yadda abin da ake faɗa a manyan taruka ke isowa ƙauye a matsayin buhun taki ko siminti ko dokar hana sara.

Mataki na uku: ka rarrabe masu gardamar

Nan ne aikin yake, kuma nan ɗalibai suka fi yin sakaci. Ka ba kowane ɓangare haƙƙinsa, ka iya faɗar hujjarsa yadda mai shi zai ji ya ce haka nake nufi, kafin ka soke shi.

Ɓangare na farko su ne masu ganin fasaha da jari za su warware matsala. Jagoransu a noma Norman Borlaug ne, wanda ingantaccen irin alkamarsa ya ƙara abinci a Indiya da Pakistan har aka ba shi kyautar Nobel a 1970. A wajensu manomin Kura ko Auyo yana buƙatar ingantaccen iri, kamfa da yuriya, ruwan noman rani da kasuwa. Ba ƙarya suke ba. Wanda ya ga shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa ya san ban ruwa ya ɗaga gidaje da yawa. Rauninsu shi ne lissafinsu yakan tsaya a bakin gonar da aka ba ruwa, kuma idan farashin taki ya tashi, ƙaramin manomi ne ke fara faɗuwa.

Kusa da su akwai masana tattalin arziki da ke cewa ba laifi a ƙarar da wata albarka matuƙar an juya kuɗinta zuwa makaranta ko masana'anta, tun da jimillar dukiya ba ta ragu ba. Waɗansu kuma, irin su Herman Daly, suka ce akwai abin da kuɗi ba ya mayarwa, kamar ƙasar noma da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Bambancin kamar na manomin da ya sayar da irinsa ne ya sayi babur: ɗaya zai ce ai dukiyar tana nan ta canza kama, ɗayan zai tambaye shi me zai shuka in ruwa ya sauka. Daga wannan ɓangare na biyu ne masu cewa ƙasashe masu arziki su rage cin albarkatu suka fito. Maganarsu ta dace da Turai da Amurka, amma ka yi hankali kada ka ɗauko ta ka ɗora wa gidan da ko wutar lantarki ba ta kai ba.

Sai gardamar kayan tarayya, wadda ta shafe mu kai tsaye. A 1968 Garrett Hardin ya ce duk makiyayar da ba ta da mai ita za ta lalace, domin kowa zai ƙara dabba don kansa, saboda haka a raba wa mutane ko gwamnati ta karɓe. Elinor Ostrom ta bi al'ummomi da dama ta nuna cewa mutane suna iya tsara wa kansu ƙa'ida su kiyaye ruwa da daji tsawon ƙarnoni, idan iyaka a bayyane take, akwai mai sa ido, akwai hukunci. Ta sami kyautar Nobel a 2009. Ka tambayi kanka: sarkin ruwan da ke hana kamun kifi a wani tafki sai ranar da aka sanar, wane ɓangare yake gaskatawa? Burtalin da aka cinye da noma fa, tarayya ce ta kashe shi, ko kuwa rushewar ikon da ke tsare shi? Mu ma muna da tushe a nan, domin hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma fiƙihu ya san keɓe fili don amfanin jama'a. Ɗalibin da ya je wajen malamin zaure ya tambayi wannan babi zai samu abin da babu shi a intanet.

Gardamar da ta fi kusa da mu ita ce ta yawan jama'a. A 1935 wani masanin gandun daji Bature, Stebbing, ya rubuta cewa Sahara na tahowa za ta cinye arewacin Najeriya. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya zagaya yankin a 1936 da 1937 bai ga abin yadda ya faɗa ba, amma tsoron ya zauna har yau. A 1965 Ester Boserup ta juya maganar Malthus, ta ce yawan jama'a yana tilasta wa manomi ya ƙara dabara a ƙaramin fili. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana auna gonakin kewayen Kano da ƙauyen Dagaceri na Jigawa. Ya nuna cewa a inda mutane suka fi cunkoso ana noma gona kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, domin ana kai mata takin gida da shara a kan jakuna, ana haɗa gero da wake da gyaɗa, ana ciyar da tumaki da harawa su mayar da taki, ana barin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsakiyar gona. A ganina duk ɗalibin Kano da Jigawa ya wajaba ya san wannan aiki, domin ya ɗauki kakanninmu a matsayin masu ilimi.

Amma kada ka tsaya nan. Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina, ya nuna a 1983 cewa yunwa ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ke kawo ta ba, har da haraji da bashi da farashin hatsi da yadda mulkin mallaka ya raunana hanyoyin taimakon juna. Masu bin wannan layi kullum tambayarsu ita ce wa ke da iko da ƙasa da ruwa. Haka kuma Amartya Sen da Mahbub ul Haq suka ce a auna ci gaba da lafiya da ilimi da abin da mutum zai iya yi da rayuwarsa, wanda ya haifar da ma'aunin ci gaban ɗan'adam a 1990.

Ko a dashen itace akwai hanya biyu. Shirin babbar ganuwar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Kano da Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa, ya fara ne da tunanin reno da dashe. A Maraɗi kuwa, tun 1983 Tony Rinaudo da manoma suka koma kan kututturen da ke tohowa a gona, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a rage sauran, abin da mutanen Nijar ke kira sassabin zamani. An ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Dashe yana buƙatar ban ruwa da tsaro daga awaki. Tohon yana da saiwa tun da can, amma sai manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba mai zuwa ya ci tararsa in ya sari reshe.

Mataki na huɗu: ka gwada su a kan kogin Haɗejiya

Kafin ka koma kan wurin da ka zaɓa, ka yi atisaye da misalin da ya tara duk ɓangarorin. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil da Ringim ya malala a dausayin Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da na Jama'are ya nufi tafkin Chadi. Kafin a yi Tiga, ruwa yana cika da damina ya ja da rani. A kan wannan cika da ja mutanen ƙasa suka gina rayuwa: shinkafa in ruwa ya zo, kifi a tafkuna, wake da sauran shuka a danshin da ruwa ya bari, shanu su sami ciyawa da rani.

Madatsun sun ba Kano ruwan sha, sun ba Kura da Bunkure da Garun Malam noman rani. A ƙasa kuma ambaliyar da ake jira ta ragu, sannan ruwan da ake saki duk shekara ya ba kachalla damar toshe hanyoyin ruwa. Wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu ya daina isa gare su, ga tsuntsayen jan-baki da ke samun mafaka a cikin ciyawar. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa amfanin noma da kamun kifi da itacen da ake samu a dausayin, suka gano cewa a kan kowane ma'aunin ruwa ya fi na aikin ban ruwan Kano nesa ba kusa ba. Har yau maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are tana tayar da wannan muhawara.

Yanzu ka rubuta sakin layi ɗaya da bakin kowane ɓangare. Me mai bin Borlaug zai ce? Me Ostrom za ta tambaya game da wanda ke yanke ranar sakin ruwa? Me Watts zai ce game da wanda muryarsa ke isa ofis, mai gonar shinkafa a Kura ko masunci a Guri? Ni dai ina ganin ba a rusa Tiga, mutane miliyoyi sun dogara da ita, amma duk lissafin da bai sa mutanen ƙasan kogi a ciki ba zalunci ne, komai kyan alƙalumansa.

Mataki na biyar: ka je wajen masu abin

Ka fara da gaisuwa wajen dagaci ko bulama, ka ce, "Ranka ya daɗe, karatu aka ba ni a kan fadamar nan, na zo neman izini." Ka faɗa a fili cewa ba tallafi ka kawo ba, domin da zarar an zaci rabon taki ne, kowa zai ba ka amsar da yake ganin za ta sa a rubuta sunansa.

Kada ka tambayi dattijo ra'ayinsa kan ci gaba mai ɗorewa. Ka ce, "Baba, lokacin da kuka karɓi gonar nan daga gandu, dami nawa take bayarwa, yanzu fa?" Ka tambayi gaba nawa ake haƙawa a tarar da ruwa da can da yanzu, waɗanne itatuwa ne suka ɓace, yaushe ƙuduji ya fara yawa, wace shekara aka koma injin ban ruwa daga jigo, su wa suka sayar da gona ko suka ba da jingina a shekarar yunwa. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, suna riƙe ta da sunan yunwa ko sarautar wani, sai ka daidaita daga baya. Ka bi gonar da ƙafa tare da mai ita, gani ya kori ji.

Ka je rugar arɗo da kanka, kada ka karɓi labarin makiyayi daga bakin manomi ko na manomi daga bakin makiyayi. Mata kuwa su suka san nisan itace da ruwa da abin da ya rage a rumbu a watan Yuli. Idan kai namiji ne, ka nemi 'yar'uwarka ta shiga gida ta yi tambayar. Ke kuma ɗaliba, wannan dama ce da abokan karatunki maza ba su da ita, ki zauna da Inna da Goggo ki ji lissafinsu. Kada a rubuta sunan kowa sai da yardarsa, musamman a maganar rikicin fili.

Mataki na shida: ka nemi shaidar da ba ta baki ba

Google Earth yana nuna tsofaffin hotunan sama, ka ƙirga bishiyoyin gona guda a shekaru daban-daban. Ka nemi alƙaluman ruwan sama a hukumar hasashen yanayi ta NiMet ko ofishin hukumomin raya noma na KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa, na Kano sun haura shekara ɗari. Rahotannin jami'an mulkin mallaka kan gundumomi suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero. Inda hoto ya saɓa da maganar tsoho, kada ka yi saurin zubar da ɗaya. Yana iya yiwuwa bishiyoyi sun ƙaru amma darbejiya ce ta maye gurbin ɗorawa da kaɗanya, ka ga a hoto an samu kore, a tukunya kuma an rasa daddawa da man kaɗe.

Mataki na bakwai: ka rubuta, ka ɗauki matsaya

Ka fara da wurin da abin da ya same shi, sannan ka kawo ɓangarori biyu ko uku da suka fi bayyana shi, ba duka ba. A kan kowane shiri da aka kawo wurin ka amsa tambaya huɗu: me aka so kiyayewa, wa ya amfana, wa ya yi asara, kuma me ya rage bayan kuɗin shirin sun ƙare. Tambayar ƙarshe ta fi sauƙin tabbatarwa, ka je ka duba ko famfon yana aiki, ko dashen ya rayu, ko ƙungiyar manoman tana zama. Ka bambanta abin da ka gani da abin da aka faɗa maka da abin da ka karanta. Ka kawo hujja mafi ƙarfi da ke gaba da matsayarka ka amsa ta. Muradu 17 su zo a ƙarshe, ka nuna waɗanda suka ci karo da juna a wurin naka, kamar na biyu mai neman ƙarin abinci da na 15 mai neman kare dausayi da daji.

Kafin ka miƙa wa malaminka, ka taƙaita abin da ka gano a shafi ɗaya da Hausa, ka koma ka karanta wa waɗanda ka yi hira da su, manoma daban, makiyaya daban, mata daban. Duk inda suka ce ba haka ba ne, ka gyara ko ka rubuta saɓanin yadda yake, sannan ka bar kwafi ɗaya a hannun dagaci.